Baturen da aka kora a daƙiƙa 12

Malam, ka tambayi wane ne Baturen bidiyon nan da aka ɗaga wa jan kati tun 'yan kallo ba su gama zama ba, kuma wai shin zari-ruga wasa ne ko dambe. Bari in sa baki, don na yi shekaru ina aikin sito a garin Warrington na Ingila, na kuma ga mutumin da idona ba sau ɗaya ba.

Sunansa Adrian Morley, haifaffen Salford ne, dab da Manchester, a 1977. Abin da ka gani a Wigan ya faru, a 2003, wasan farko a jerin karawar shekarar tsakanin Birtaniya da Ostareliya. Ana take wasa Robbie Kearns na Ostareliya ya cafe ƙwallo ya taho, Morley ya kai masa hannu a sama da kafaɗa, sai ga Kearns a ƙasa. Birtaniya ta ƙarasa da mutum 12, aka doke ta 22 da 18. Wannan kam ba zan kare shi ba, ganganci ne, kuma shi ya ja wa 'yan uwansa.

Amma ka san aikinsa tukuna. Irin wasan da ya buga mai mutum 13 ne. Sau shida ake kayar da ku kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, kuma duk kayarwa sai masu tsaro su ja baya mita 10. Ɗan gaba irinsa ba ya kewaye-kewaye. Rungumar ƙwallo yake yi ya nufi ƙarti biyu ko uku kai tsaye, don ya ci wa masu gudu 'yan taku. In ƙwallo ta juya, shi ne katangar.

Ranar da wani abokin aikina ya fara kai ni filin Halliwell Jones, gidan ƙungiyar Warrington, sanyi kamar ya cire kunne, ina riƙe da kofin shayi ina ɗumama hannu. Muna kusa da layi Morley ya yi karo da wani. Wallahi ƙarar kamar an jefo buhun masara daga kan tirela, har shayin ya zubo mini a wando. Na ce shi ke nan, sai an kawo makara. Sai kawai ya miƙe, ya tura ƙwallo baya da ƙafa, ya gyara robar bakinsa, ya koma sahu. Wata tsohuwa a gefena tana ta ƙwala "Moz! Moz!", laƙabinsa ke nan, kamar jikanta ne. Bidiyo ba ya ɗauko wannan ƙarar.

Da Leeds ya fara, ya ci Challenge Cup, kofin sili-ɗaya-ƙwale na Ingila, a Wembley a 1999. Ya tafi Sydney Roosters a 2001, shekara na zagayowa suka ɗauki kofin NRL, babbar gasar Ostareliya. A 2005 ya leƙo Bradford na ɗan lokaci ya ci na Super League, babbar gasar Ingila, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya haɗa biyun. Zamansa na Sydney ma da dakatarwa ya ƙare a 2006, bayan ya sa wa wani gwiwa. Hali zanen dutse, za ka ce.

To a nan ne ban yarda ba. Morley ɗin da na gani a ƙungiyar Warrington bayan ya baro Sydney kyaftin ne, ƙarfin yana nan amma hannun ya sauko ƙasa. Garin rabonsa da Challenge Cup tun 1974. Da shi a gaba suka ɗauka a 2009, 2010 da 2012. Ya koma gida Salford ya ajiye takalmi a 2015 yana da shekara 38. Mai zafin kai zalla ba ya shekara 20 a wannan gurbin, ko jiki ya gaza ko alƙalai su gaji da shi.

In kana da data, nemi wasan ƙarshe na Challenge Cup na 2009 tsakanin Warrington da Huddersfield ka kalla daga farko. Bar masu cin maki, shi kaɗai za ka bi da ido, ka ƙirga sau nawa ya faɗi ya tashi.