Amsa ga mai tambaya a kan yin zane kullum

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka sayi littafin zane har sau uku, kowanne ka watsar bayan 'yan shafuka, kana tambaya ko shiga aji zai sa ka ɗore. Ni dai ajin ne ya riƙe ni, kuma yau shekara 4 ke nan ban ajiye fensir ba.

Malaminmu, wanda ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ba ya duba kyawun abin da muka zana a watannin farko. Duk ranar Asabar sai ya karɓi littattafanmu ya ƙirga shafuka, yana neman bakwai, kowanne da kwanan wata a ƙasansa. Ya hana mu yage shafi, ya kuma karɓe abin gogewa ya ce mu riƙa zane da biro, domin a ganinsa mai yawan goge zane yakan ƙare lokacinsa a kan layi ɗaya har ya gaji ya rufe littafin. Da farko abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin butar da na zana ta fi kama da tulu, amma da na saba ganin kuskurena a shafi, sai tsoron farar takarda ya sake ni.

Shawarata ita ce ka sayi ƙaramin littafi, girman A5 (rabin takardar A4), wanda ba za ka ji ƙyashin ɓata shi ba. Idan da fensir za ka yi zane, masu lamba HB da 4B sun ishe ka, na farkon don layi, na biyun don inuwa. Ni na ɗaura zanen a kan sallar Asuba, minti 15 kafin gida ya tashi, tunda duk ranar da na ce sai da dare, gajiya ce take cinye ta.

Kada ka tsaya neman abin zanawa. Ƙwarya da faifai da kujerar tsakar gida sun koya mini haske da inuwa fiye da kwaikwayon hotunan waya, kuma idan kana cikin masu gudun zanen abu mai rai, zankwayen tsofaffin gidaje da dagin da ke jikin bango za su ishe ka aikin shekara guda.

Kafin ka biya kuɗin kowane aji, ka tambayi malamin ko yana duba littafin ɗalibai kowane mako. Idan ya ce a'a, ka nemi wani.