Tambayoyi da amsoshi kan fasaha: In saƙo a kulle yake, ta yaya za a gane manhajar da ta aiko shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Tudun Wada, kusa da Kasuwar Barci. Kwamfuta huɗu da wayoyin yaran shago duk a kan rauta ɗaya suke. Datar da nake saya ta wata ba ta kai mako uku. Ɗan yayana ya sa mini Wireshark, manhajar da ke nuna zirga-zirgar data, don mu kama mai shanye ta, amma ba abin da muke gani sai layuka masu launi, an rubuta TLS da QUIC, sai tarin lambobi. Ya ce wai komai a kulle yake. Shi ke nan babu dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ka ɗauka ka je tashar Kawo ka ba direban Kano aike a kwali, an naɗe shi tam da salatif. Direba bai san abin da ke ciki ba. Amma ya ga wanda ya kawo, ya karanta sunan da aka rubuta a bayan kwalin, ya ɗaga ya ji nauyinsa, in kuma kullum bayan La'asar kake kawowa, zai lura. Haka TLS take, wato tsarin kulle saƙonnin intanet, wanda ita ma QUIC ɗin da ka gani take amfani da shi. Tana kulle abin da ke cikin saƙo, ba ta ɓoye inda za shi, ko girmansa, ko lokacin da ya fita.

Wurare biyu ne sunan yake fitowa fili. Na farko, kafin kwamfuta ta nufi wani shafi sai ta tambayi hanya, wato ta nemi a juya mata suna zuwa lambar adireshi. Wannan tambayar ita ce DNS, kuma a yawancin rautoci har yau a buɗe take tafiya. Na biyu, idan ta isa ƙofa sai ta yi sallama kafin a kulle zance, kuma a cikin sallamar nan take ambata sunan gidan da ta zo nema. Shi ake kira SNI. Ko TLS 1.3 da aka fitar a 2018, wadda ta rufe abubuwa da dama da a da suke a waje, ta bar wannan sunan a fili. Ka ce wa ɗan yayan naka ya rubuta tls.handshake.extensions_server_name a layin tacewa da ke saman Wireshark. Tarin nan zai zube, ya bar sunaye zalla. In ya ga googlevideo.com, bidiyon YouTube ne. In fbcdn.net ne, hotuna da bidiyon Facebook ne, whatsapp.net kuwa ba sai an faɗa ba. Daga nan ya shiga Statistics, ya zaɓi Conversations, ya jera su daga mai nauyi zuwa marar nauyi.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Wireshark da ke kan kwamfuta ɗaya, zirga-zirgar wannan kwamfutar kawai take gani. Wayar yaron da ke kallon ƙwallo a bayan kantar shago ba za ta fito ba. Sannan sunan gida ba sunan manhaja ba ne: googlevideo.com ɗin nan zai fito ko da manhajar YouTube aka kalla, ko ta Chrome, ko bidiyon da aka liƙa a wani shafin labarai. Lambar adireshi kuwa ta fi ruɗarwa, domin kamfani irin Cloudflare yana ajiye shafuka masu ɗimbin yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa guda.

Shi ya sa ni ba na farawa da Wireshark a irin matsalarka. Bin sawu ake yi idan ba a ga dabba ba, kai kuwa dabbobin suna cikin garkenka. Ita na'urar da kanta ta san wace manhaja ce ta buɗe kowace hanya, kulle ko babu kulle. A kowace kwamfuta ka shiga Settings, ɓangaren Network, ka nemi Data usage. Windows za ta jera maka abin da kowace manhaja ta ci a kwana talatin da suka wuce. In kana son gani ido da ido, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta resmon, ka buɗe Network. Za ka ga manhajoji da abin da kowacce ke aikawa da karɓa a wannan daƙiƙar. Ka kuma shiga shafin rautar, da yawansu suna nuna abin da kowace na'ura ta ja, daga nan ka san wadda za ka fara bincika.

Bara na je wani shago irin naka a Unguwar Dosa. Mai shagon ya riga ya yanke wa yaronsa hukunci, ya ce shi ne mai kallon fina-finai. Da muka buɗe shafin rauta, sai ga wayar da ta fi kowa ci, kuma mafi yawan abin fita yake yi, ba shigowa ba. Mai kallon fim saukewa yake yi, ba ya turawa. Ashe wayar mai shagon ce da kansa. Ya ɗauki bidiyon bikin ƙanwarsa tun daga kamu har kai amarya, wayar kuma da ta ji Wi-Fi sai ta shiga tura su ma'ajiyar intanet ba tare da neman izini ba. Shiru ya yi, ya aiki yaron sayo mana lemo. Don haka ka dubi ɓangaren fita, kada ka tsaya a na shigowa. Ka kuma kunna Metered connection a kwamfutocin, Windows za ta rage sauke sabuntawa ita kaɗai.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Barnawa, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Ina sayen datar nan ta soshiyal midiya kawai. In da gaske saƙonnina a kulle suke, ta yaya kamfanin layi yake sanin WhatsApp nake yi? Ko dai karanta mana suke yi?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba sa karanta cinikinki. Tun 2016 WhatsApp ta kulle saƙonni daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, mabuɗin yana hannun wayoyin biyu. Abin da kamfanin layi yake dubawa shi ne bayan kwalin da na yi wa Alhaji bayani a sama: adireshin da wayarki ta nufa da sunan da ta ambata a sallama. In sun dace da na WhatsApp, sai a cire daga datar soshiyal. Suna sanin kin shiga, da lokacin, da yawan abin da ya wuce. Ba sa ganin wa kike magana da ita, balle farashin da kuka daidaita.

Wannan ne ma dalilin da ya sa idan aka turo miki mahaɗin YouTube a cikin hira kika danna, sai ki ga babbar datarki ko katinki ya ragu. Kin bar gidan WhatsApp kin shiga wani. Haka in kika kunna VPN. Mutane da yawa sun saba da ita tun lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu har yau ba su kashe ba. VPN tana zuba duk kwalayen cikin babban buhu ɗaya mai adireshi ɗaya, kamfanin layi ba ya gane na WhatsApp, sai ya caje ki kuɗin data gama-gari.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina zaune a Rigasa. In aka wayi gari an ɓoye DNS da SNI duka, me ya rage wa mai binciken tsaro?

Amsa: An ma fara. Android 9 ta zo da Private DNS mai kulle tambayar DNS a 2018, ga kuma ECH da aka ƙera don kulle sunan da ke cikin sallama, wanda Firefox da Chrome suka fara karɓa, ko da yake sai shafin ma ya yarda da shi. Abu biyu suka rage.

Na farko, karin harshe. Basakkwace ya yi sallama a bayan ƙofa, ka san ba Bazazzagi ba ne tun kafin ka leƙa. Kowace manhaja tana da yadda take jera nau'o'in kullen da ta iya da ƙarin buƙatunta a sallamar farko. A 2017 injiniyoyin Salesforce suka fitar da JA3, wadda take ɗaukar abubuwa biyar daga wannan sallamar ta dunƙule su zuwa lamba mai harafi 32. Da ita ake gane muguwar manhaja tana kiran ubangidanta, ko da ba a ji me suke faɗa ba. A 2023 Chrome ta fara yamutsa jerin a kowace sallama, JA3 ɗinta ta daina tsayawa wuri ɗaya, sai aka fito da JA4 wadda take fara jera su daidai kafin ta lissafa. Amma kada ka rantse a kanta. Manhajojin Android da yawa injin kulle ɗaya suke ara, don haka muryarsu ɗaya.

Na biyu, salon tafiya. Bidiyo yakan kwaso babban kaya, ya huta 'yan daƙiƙu, ya sake kwasowa. Kiran murya ƙananan ƙulli ne masu zuwa a jere ba tsayawa, ta ɓangarorin biyu. Hira kuwa ɗigo-ɗigo ce. A kan wannan ake horar da kwamfuta ta yi hasashe, kuma hasashe ne, da manhaja ta sauya tsari sai a koma horo. In aikin kammala karatu kake nema, sa PCAPdroid a wayarka. Ba ta buƙatar a fasa tsarin waya, gurbin VPN take ara a cikin wayar, ta nuna kowace haɗuwa da sunan manhajar da ta yi ta, ta kuma ba ka fayil ɗin da Wireshark za ta buɗe. Ka ga ka sami bayanai masu lakabi na gaskiya da za ka gwada hasashenka a kansu. Masu iPhone suna da App Privacy Report tun iOS 15.2, tana nuna gidajen da kowace manhaja ta ziyarta a kwana bakwai.

Tambaya: Wani mai gyaran waya ya ce zai sa wa wayata wani satifiket don in riƙa ganin abin da manhajoji ke aikawa. In bari?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wannan satifiket ɗin mabuɗi ne, duk wanda ke riƙe da ɗayan ɓarin zai iya tsayawa a tsakiya ya buɗe abin da kake yi a burauza, har kalmar sirri. Kuma ba zai biya maka buƙata ba, domin tun Android 7 manhajoji ba sa amincewa da satifiket ɗin da mai waya ya sa da hannunsa sai in maƙerinsu ya ba da dama, na banki da yawa ma ƙin buɗewa za su yi. In ya riga ya sa, shiga Settings ka rubuta credentials a wurin bincike, ka buɗe Trusted credentials, ka duba ƙarƙashin User. Duk wanda ka gani a nan ba kai ka sa shi da saninka ba, goge shi, sannan ka sauya kalmar sirrin imel ɗinka.