Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan logbuk a aikin kurkusa

Assalamu alaikum. Malam, da na ga tambayarka cewa kamfaninku ya ce ba ka buƙatar logbuk, wato littafin da direban babbar mota ke rubuta awannin tuƙi da hutunsa, tunda kullum a gida kake kwana, sai da gabana ya faɗi, domin da wannan maganar aka cuce ni.

Kwana a gida kaɗai bai isa ba. Tun 29 ga Satumba, 2020, sharaɗin da FMCSA, hukumar kula da tsaron manyan motoci ta Amurka, ta gindaya kafin a ɗauke maka logbuk shi ne kada ka wuce da'irar mil 150 na awon sama daga garejin da ka tashi, wato kimanin mil 172 a miƙe, kuma ka dawo garejin a sallame ka cikin awa 14.

Ni awa 14 ɗin ce ta kayar da ni. Wani sito a jihar Ohayo ya zaunar da ni awa shida ina jiran a sauke kaya, na kira dispaca, wato mai raba mana aiki a kamfani, na gaya masa lokacina ya kusa cika, ya ce in taho kawai, ai babu mai tambayar direban kurkusa takarda. A sikelin awon manyan motoci aka tare ni, jami'i ya duba takardun kaya ya ga sa'ar da na yi lodi, ya tsayar da ni awa 10 a wurin. Watan Janairu ne, motar kuwa ba ta da gado, haka na kwana a zaune ƙafafuna sun sandare, ga maiɗakina tana ta kira. Da gari ya waye dispacan nan ya rantse bai taɓa cewa in taho ba, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. Laifin ya shekara uku a rikodina.

Don Allah ka ajiye takardun logbuk a mota, domin duk ranar da ka tsallake da'irar ko ka zarce lokacin, wajibi ne ka cike na wannan ranar, kuma idan hakan ya wuce kwana 8 cikin kwana 30, dole a sa na'urar ELD, mai rubuta awannin tuƙi da kanta. Tuƙin awa 11 da hutun awa 10 suna nan a kanka, haka ma iyakar awa 60 a kwana 7 ko 70 a kwana 8. Kamfani ne ke ajiye lokacin shigarka da fitarka na wata shida, amma ka riƙa rubuta naka. Idan dispaca ya matsa maka, ka ce ya turo umarnin a rubuce ta waya.