Amsar Gwaggo kan sambatun Alhaji a gadon asibiti

Rabi 'yata, na ji saƙonki. Kin ce tun daren da aka yi wa mahaifinki aikin ƙugu a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yake sambatu, yana kiran marigayiya Inna, yana fizge robar ƙarin ruwa, gari na wayewa kuma ya dawo kamar ba shi ba. Kin ce kawunnanki na Aboabo sun ce iska ce, a mai da shi gida a yi ruƙiya. Kuma kina tambaya ko a al'adarmu ya dace ɗiya ta je gaban bare ta ce ubanta ya fita hayyacinsa.

Ya dace, kuma yau za ki je. Rufin asirin da iyayenmu suka koya mana shi ne kada maganar ta fita layi, kada 'yan dubiya su koma Asawase suna cewa Alhaji ya taɓu. Likita ba ya cikin wannan lissafin. Kakarki ko wanzami ta kira ba ta ɓoye masa komai.

A shekarun da na yi ina aikin nas na ga irin wannan ruɗewar ba adadi, musamman ga tsofaffi bayan tiyata. Daban take da mantuwar tsufa, wadda ke shigowa sannu a hankali cikin watanni da shekaru. Ita wannan cikin sa'o'i ko kwana biyu take faɗowa, tana zuwa tana tafiya, ta fi tsanani in dare ya yi. Kusan kullum akwai abin da ke ƙarƙashinta: ƙwayar cuta a mafitsara ko a huhu, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa a jiki, siga ya hau ko ya faɗi, fitsari ya riƙe, bayan gida ya ƙi fita, zafin ciwo, ko magani irin tiramadol da na sa barci. In an gano an gyara, yawancinsu hankalinsu yana dawowa, ko da ya ɗauki kwanaki ko makonni. In an kai shi gida, wa zai auna masa jini a tsakar gida?

Ga inda ba mai iya aikinki sai ke. Nas ɗin da ke duba shi da Tuwi da Turanci take magana, shi kuma in ya ruɗe Hausa kaɗai ke fitowa daga bakinsa. Ita za ta ji tsoho yana magana da yarensa ta wuce. Ke ce kika san cewa wadda yake kira ta rasu da daɗewa, ke ce kika san makon jiya yana lissafin kuɗin goro da ka, bai kuskure ko sidi ɗaya ba. Ki tari likita lokacin zagayen safe ki ce: ba haka yake a gida ba, ranar kaza ya fara. Ki kai duk magungunan da yake sha, har da jiƙe-jiƙen da ake kawo masa a kwalba. Da safe ki ce ya lissafo kwanakin mako daga Juma'a ya koma baya. In ya sarƙe, ki faɗa musu. Kuma in ya daina sambatu ya koma yawan barci, ba ya amsa kira, ba ya cin abinci, kada ku ce an samu sauƙi. Wannan shirun ne aka fi kasa ganewa, kuma ya fi ba ni tsoro.

Addu'a kuwa ba wanda ya hana. Malam ya zo bakin gado ya yi tofi, ku kunna masa karatu a hankali. Rubutun sha dai ku tambayi nas tukuna, don mai magagi yakan shaƙe.

Dubiya ce za ku rage. Na san mutanen Zongo, bayan la'asar sai su cika ɗaki, kowa na tambayarsa "Ka gane ni?" Wannan ƙara rikita shi yake yi. Jinyar da muka gada ta mutum ɗaya ce ko biyu da ya sani, suna karɓa-karɓa. Ki sa masa tabaransa, ki miƙa masa carbinsa, ki ɗaga labule da rana. In an kira salla ki ce, "Baba, azahar ce, yau Talata, muna asibiti." In ya kira Inna kada ki yi masa musu, ki riƙe hannunsa ki tambaye shi me yake so. In an yi maganar ɗaure shi a gado, ki roƙa a bar ki ki zauna kusa da shi maimakon haka. Ki riƙa ba shi ruwa da koko kaɗan-kaɗan in likita ya yarda, kuma in sun ce a tayar da shi ya zauna ko ya taka, ku taimaka musu.

Kawunnanki ki bar ni da su, zan kira babban da kaina bayan isha'i. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce ta koma gida ta yi barci yau, ke ki kwana. Allah Ya ba Yaya lafiya.