Dalilin da ya sa "reflect" ke da ma'ana biyu

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Turanci ke amfani da kalma ɗaya, wato "reflect", wajen bayyana zurfin tunani da kuma yadda madubi ke mayar da hoto ko haske. Amsar tana cikin asalin kalmar, domin daga harshen Latin ta fito, inda "re" ke nufin komawa baya, "flectere" kuma ke nufin lanƙwasawa. Idan haske ya bugi madubi sai ya juyo, haka shi ma hankalin mutum yake juyowa ya sake duban abin da ya wuce.

Abin da yakan raba ma'anonin a jimla shi ne ƙaramar kalmar nan "on". Idan aka ce "the lake reflects the moon", tafki ne ke nuna hoton wata, amma "she reflected on his advice" na nufin ta natsu ta yi nazarin shawararsa. Sai dai a kula, "it reflects badly on him" ba ta da alaƙa da tunani, nufinta abin ya zubar masa da mutunci, kuma a nan masu koyo sukan yi tuntuɓe.

Idan tunanin kaɗai kake nufi, a ganina "ponder" ta fi dacewa, domin tushenta awo ne, kamar mai jinjina kaya a hannu. Kada kuma ka gauraya "reflection" da "refraction", wadda ke nufin karkacewar haske yayin shiga ruwa, abin da ke sa cokali a cikin kofin gilashi ya yi kamar ya karye.