Dalilin da ya sa kindirmo ke saki idan an burga shi

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kindirmon da kake saya a kasuwar Daura yake zama daskare a ƙwarya, amma da zarar an sa maburgi sai ya saki ya kwarara, alhali ba a ƙara masa ruwa ba.

Ruwan sha da man gyaɗa suna bin ƙa'idar Newton, wato kaurinsu ba ya sauyawa ko an juya su da ƙarfi ko a hankali, muddin zafinsu bai canza ba. Kindirmo ba ya bin wannan ƙa'ida. Idan madara ta yi tsami, ƙwayoyin furotin ɗinta sukan manne da juna su zama dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule kuma yana riƙe ruwa a cikinsa. Lissafin masanin kimiyya Einstein na 1906, wanda ya gyara a 1911, ya nuna cewa idan ƙwayoyin da ke yawo a cikin ruwa ba su da yawa, duk kashi 1 cikin 100 na wurin da suka cika yana ƙara kauri da kusan kashi 2.5 cikin 100. To, dunƙule yana cin wuri har da ruwan da ya riƙe, shi ya sa kaurin ke ƙaruwa sosai. Maburgi yana farfasa dunƙulen, ruwan ya kuɓuta, kaurin ya ragu.

Ɗanyar gasara mai ƙarancin ruwa kuwa akasin haka take yi: idan ka danna ta da sauri sai ƙwayoyinta su cushe ta taurare, idan ka sassauta hannu sai ta malale.