Gudu a karkara, kurmi ko fadamar bakin teku: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji da gudu a kan kwalta, kana tambaya da wacce hanya za ka fara cikin ukun nan.

Ni dai ta karkara zan zaɓa maka. Ƙasarta na da taushi, gwiwa na samun sauƙi. Ka dai bi gefen gona, kada ka tattake shukar mutane. A kurmi saiwoyi ne abin tsoro. Ka rage faɗin taku, in ka dawo ka duba ƙafafunka saboda kaska.

Fadama ce na fi so, ita ce kuma ta fi haɗari. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau 2 a rana, kusan awa 12 da minti 25 tsakani, kuma ta ƙananan magudanan da ke bayanka ruwan kan fara shigowa, ya tare maka hanyar komawa. Don Allah ka duba jadawalin cikar ruwa, ka fita lokacin da yake janyewa, kada ka bar tudun masu tafiya, laka na riƙe ƙafa har gwiwa. Ka fara da fuskantar iska, ta turo ka a dawowa.